Ƙaho Ɗaya

Mun bar Sakkwato tun ladan bai gyara murya ba,
mu uku bisa babur biyu,
ɗari na cizon kunne kamar yana bin mu bashi.
Bara mu huɗu ne.
Ba wanda ya ƙirga da baki.

Arzika ya ɗaure gwiwarsa da tsohon rawani,
Kakale ya riƙo buta da ƙullin ganyen shayi,
ni kuwa adakar Bagudu ke rataye a kafaɗata.
Matarsa ta miƙo min ita ta bayan zana:
"Kai ta ta sha iska, tsatsa na cin ta a ɗaka."

A bayan Tureta hanya ta ƙare.
Munka jingine babura a rugar wani dattijo,
munka kama dutse da ƙafa,
tsakuwa na zamewa, numfashi na fita kamar hayaƙi,
Arzika na zagin gwiwa da shekarun da sunka ci ta.

Dare na fari, wutar ƙirya.
Kaza da 'ya'yanta sun tsaya daidai kanmu.
Kakale ya zuba shayi kofi huɗu,
ya dubi na huɗun,
ya ce hannu ne ya saba.
Munka bar shi nan bisa dutse har ya huce.

Kwana biyu ba ko gashin zomo.
Ƙorama ta ƙafe, saura gurbi ɗaya mai laka,
a bakinsa Arzika ya durƙusa da ƙyar,
ya sa yatsu uku cikin sawun kofato:
"Gwanki ne. Namiji. Jiya ya sha ruwa nan."
Ni na ɗauka sun ƙare a wannan daji
tun da gatari ya fi su yawa.

Munka kwanta bayan wata faru, iska a fuska,
raɓa ta jiƙa bargo, haƙora na kaɗa kalangu.
Da gari ya fara wanke ido
sai ga shi ya gangaro tsakanin duwatsu,
ba gaggawa, kamar mai gida zai duba rumbu.
Gwanki sha bara!
Wuya ya yi furfura, kafaɗa duk tabo,
ƙahon dama ya lanƙwasa baya yadda Allah ya yi shi,
na hagu guntu ne, bai kai kamu ɗaya ba.

Na san wannan guntu.
Shekara bakwai ke nan, a wannan kwari,
Bagudu ya auna ƙirji ya sami ƙaho,
munka yi masa dariya tun daga nan har Dange.
Duk sanyi sai ya ce, "Bana zan ƙarasa aikina."

Na ɗora bindiga bisa reshe.
Taku talatin. Makaho ma ya samu.
Kakale na taɓa min ƙafa: yanzu, yanzu.
Shi kuwa ya sunkuya, ya sha, ya ɗago,
ruwa na ɗiga daga gemunsa,
ya dubi farun nan tsawon Fatiha guda,
ya juya ya hau dutsensa.

Na ce, "Raɓa ta jiƙa albarushi."

A hanyar saukowa Kakale ya karɓi adakar,
ya saita sama, ya ja kunama.
Ta yi tsawa har duwatsu sunka amsa sau uku.
Ya hure bakinta, ya miƙo min,
ya ce, "Rana ta busar da shi ke nan."
Arzika na can yana gyara ɗaurin gwiwa, bai ɗago ba.

Mun shigo gari da zabi biyu,
ɗaya ma a Tureta munka saye ta.
Yara na tambaya ina naman,
na ce yana nan inda munka ajiye shi,
da ƙafarsa, da ƙahonsa ɗaya.